MUTUM BAI SAMU BA, SAI KYANWA?

In kana son ka ba mutanen ƙasarmu dariya, to, ka je majalisar dattawa a Gwarzo ko Kabo bayan la'asar, ka gaya musu cewa a wasu ƙasashe akwai mutumin da ke tashi da asuba ya ɗauko sirinji ya yi wa kyanwarsa allurar ciwon sukari, in almuru ta yi kuma ya sake yi mata, haka kullum ba fashi. Wani zai ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wani zai ce rashin aikin yi ne. Wani kuwa, wanda ya fi su zurfin tunani, zai girgiza kai ya ce, "Mutum bai samu ba, sai kyanwa?" Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin kuwa akwai gidaje a nan ƙasarmu inda maigida ke fama da ciwon sukari, kwalbar maganinsa ta ƙare, kuɗin wata kuma babu.

To, duk da haka, ni ra'ayina shi ne, wanda ya yi wa kyanwarsa wannan allura bai yi wauta ba, hakkin da ke kansa ya sauke. Ina kuma ganin in muka tsaya muka dubi yadda ake yin ta, za mu ƙaru da abin da zai amfani iyayenmu da kakanninmu masu wannan ciwo. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, su yi haƙuri su bi ni sannu a hankali kafin su yanke hukunci.

Da farko dai, mene ne ciwon sukari? Duk abincin da muka ci irin su tuwo da fura da shinkafa da rogo, ciki yakan narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Amma sukarin nan ba ya iya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata 'yar halitta da ke kwance a bayan tumbi take samarwa, likitoci suna kiran ta fankiriyas. Misalin insulin kamar mabuɗin ɗaki ne. In mabuɗi ya ɓace, ko kuwa kwaɗo ya yi tsatsa ya ƙi buɗewa, sai kaya su taru a tsakar gida, ɗaki kuwa ya zauna wayam. Haka sukari ke taruwa cikin jini, ƙoda ta yi ta zubar da shi cikin fitsari, jiki kuma yana kukan yunwa alhali ga abinci a cikinsa. Shi ya sa mai ciwon ke yawan fitsari da yawan jin ƙishirwa, yana ci yana ramewa, har a ga kiyashi na taruwa inda ya tsuguna.

Wannan ciwo bai tsaya ga ɗan Adam kaɗai ba. Yana kama kare, yana kama kyanwa. A Ingila, inda likitocin dabbobi ke ajiye lissafi, an ƙiyasta kusan kyanwa 1 cikin kowace 200 tana da shi. Ya fi kama wadda ta manyanta, da mai ƙiba wadda ba ta motsi, kuma ya fi yawa ga muzuru bisa ga ta mace. Alamunsa su ne dai irin na mutum. Za a ga tana lasar ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana jiƙa ko'ina da fitsari, tana cin abinci da haɗama amma ƙashin bayanta sai fitowa yake yi, gashinta kuma ya yamutse. In ciwon ya daɗe ƙafafun baya sukan yi rauni, sai a ga tana taka ƙasa da dunduniya gaba ɗaya maimakon kan yatsu, ta kasa hawa katangar da a da take tsallakewa da tsalle ɗaya. In aka bar ta haka, jininta yakan gurɓace, ta daina ci, ta yi ta amai, ta mutu cikin wahala.

Kyanwar ƙauye Allah ya rufa mata asiri ta wannan wajen, don ita kullum cikin farauta take, yau ɓera, gobe ƙadangare, jibi fara. Kyanwa dabba ce da aka halitta don cin nama, kuma abincin nan nata da guje-gujen da take yi suna tsare ta daga ƙiba. Amma fa zamani ya juya. Yanzu gidajen siminti masu ƙofar ƙarfe sun yawaita a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, kyanwa tana kulle a ciki ta wuni a kwance, ana tura mata sauran tuwo da taliya da burodin da aka tsoma a shayi. Abin da ya sami kyanwa kuwa shi ne ya sami ubangidanta. Da a ƙafa ake zuwa gona da kasuwa, yanzu sai babur. Da fura da kunu ake sha, yanzu lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo. Gida ɗaya, cima ɗaya, ciwo ma ɗaya.

To, me ya sa na ce wanda ya yi wa kyanwarsa magani hakki ya sauke? Dalilina na farko shi ne aikin da take yi mana. Ƙasarmu ƙasar noma ce, arzikinmu yana cikin rumbu: dawa da gero da masara da wake da gyaɗa. Duk manomi ya san ɓarnar ɓera, wanda ke ci ya kuma lalata abin da bai ci ba da kashi da fitsari. Ban da ɓarnar hatsi, akwai wani irin ɓera da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don kauce wa wannan zazzaɓi, har da ajiye kyanwa a gida. Ashe ke nan wannan dabba da muke kora da takalmi maigadi ce, wadda ba ta karɓar albashi, ba ta kuma neman hutu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wadda ta yi shekara 10 tana tsare maka rumbu, in ta tsufa ciwo ya kama ta, shin sakamakonta shi ne a jefa ta cikin buhu a kai ta dawa a yar?

Dalilina na biyu shi ne addini. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da ke cikin Buhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, don ta tsare ta har yunwa ta kashe ta. Sun kuma karantar da mu na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Babban sahabin nan da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa na Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo shi. Yanke hukunci aikin malamai ne, amma darasin a fili yake ko ga ɗan aji ɗaya: dabbar da ka ajiye a ƙarƙashin ikonka amana ce, kuma za a tambaye ka game da ita. Wanda ya rufe ƙofa ya hana kyanwa fita farauta, ya ciyar da ita abin da ya ga dama har ta yi ƙiba ta kamu da ciwo, ba shi da bakin cewa ba ruwansa.

Kuma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, shin yi wa dabba allura baƙon abu ne a wurinmu? Ko kaɗan. In ragon layya ya ƙi cin dusa, nan da nan za a nemo malamin dabbobi. In saniyar noma ta yi tari, maigida ba zai yi barci ba. Dokin hakimi kuwa ba a ma magana. Dattawa suna tune da bushiya, wadda ta halaka garken shanu masu yawa a Nijeriya a 1983, kuma da allurar rigakafi aka yaƙe ta har aka yi shelar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Ba wanda ya taɓa yi wa makiyayi dariya don ya kai shanunsa allura. Bambancin kawai shi ne, rago da sa ana iya kai su kara a mai da su kuɗi, kyanwa kuwa ba ta da farashi. Saboda haka a kan kyanwa ake gane mai tausayi na gaskiya, don babu ribar da zai ce yana hange.

Dalilina na uku shi ne tarihin maganin kansa, kuma ina so 'yan'uwana masu karatun kimiyya su lura da shi. A 1889 wasu masana biyu, Minkowski da von Mering, suka cire fankiriyas daga cikin kare, sai karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Daga nan aka gane inda asirin yake. A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting da wani ɗalibi mai suna Charles Best suka tatso ruwan wannan halitta, suka yi ta gwada shi a kan karnuka, har wata karya da aka cire wa fankiriyas ta rayu kimanin kwana 70 da wannan allura. Karnuka da yawa sun mutu kafin a kai ga haka. Sa'an nan James Collip ya tace ruwan da aka samo daga fankiriyas na shanun mayanka har ya dace da jikin mutum. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, wanda ciwo ya mai da shi fata da ƙashi. Ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Kafin wannan rana, yaron da irin wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa.

Tun daga lokacin har wajen shekara 60, kusan duk insulin ɗin da mutane suka rayu da shi daga cikin shanu da aladu aka ciro shi. Sai a 1982 aka fara sayar da wanda ake harhaɗawa a ɗakin kimiyya ta hanyar amfani da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma irinsa ne aka fi ba mutane yau, don haka mai ƙyamar alade ya kwantar da hankalinsa. Abin da nake son fitarwa shi ne, ta hannun dabbobi Allah ya kawo mana wannan magani. Sun ba da jikinsu, ba a kuwa shawarce su ba. In yau ɗan ɗigo daga cikinsa ya koma jikin wata dabba mai ciwo, ai bashi ne aka rage.

Yanzu bari mu dubi yadda ake yin allurar, don a nan ne darasin yake. Mataki na farko shi ne a tabbatar da ciwon, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne kaɗai. Kyanwa in ta tsorata sukarin jininta yakan hau ko da lafiyarta ƙalau, saboda haka likita yakan haɗa gwajin jini da na fitsari kafin ya yanke magana. Mutumin ƙasarmu zai fara da sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi birnin Kano, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, ko kuwa asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Likita ne zai zaɓi irin insulin, shi zai faɗi yawan da za a ba ta. Yawanci akan fara da yunit 1 ko 2, sau biyu a rana, awa 12 tsakani. Bayan 'yan kwanaki a sake gwaji, ya ƙara ko ya rage. Mai kyanwa ba shi da ikon ƙara ko da rabin yunit bisa ganin damarsa.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata kowa ya sani. Ƙarfin insulin iri biyu ne aka fi samu. Akwai wanda aka rubuta 40 a jikin kwalbarsa, watau yunit 40 cikin kowace mililita, kuma irinsa aka fi yi wa dabbobi. Akwai wanda aka rubuta 100, watau yunit 100 cikin mililita, wanda aka fi ba mutane. Kowane yana da sirinjinsa. In aka zuƙo mai 100 da sirinjin mai 40, to, abin da ya shiga jiki ya ninka abin da ake nufi sau biyu da rabi, kuma wannan yana iya kisa. In aka yi akasin haka kuma, maganin ya yi kaɗan. Don haka tilas lambar kwalba ta yi daidai da lambar sirinji, a duba tun a gaban mai kanti kafin a biya kuɗi.

Ita allurar kanta ba ta da wuya. A fara ba kyanwa abinci, a tabbata ta ci. A wanke hannu. A bi abin da takardar maganin ta ce, don wani iri mirgina shi ake yi a hankali tsakanin tafin hannu, wani girgiza shi ake yi, wani kuwa garau yake ba ya bukatar ko ɗaya. A zuƙo daidai awon da likita ya faɗa, a ɗaga sirinji sama a ɗan ƙwanƙwasa shi don iska ta fita. Sa'an nan a kama fatar da ke bayan kafaɗa ko ta gefen haƙarƙari da yatsa biyu, a ɗaga ta kamar 'yar bukka, a soka allura a gindin bukkar, a tura maganin, a zare. Ƙarƙashin fata ake yi, ba cikin tsoka ba. Allurar siririya ce ƙwarai, kuma gajera, yawancin kyanwoyi ba sa ko ɗaga kai daga kwano. Kullum a canja wuri, yau dama, gobe hagu, don kada fata ta yi kanta. In an ji gashin wurin ya jiƙe, ana shakkar ko maganin ya shiga, kada a sake. Gara a bari sai lokaci na gaba, don rashin allura ɗaya ya fi sauƙi bisa ninka ta.

Babban haɗarin wannan magani shi ne sukari ya faɗi ƙasa ƙwarai. Hakan na faruwa in an yi allura kyanwa ba ta ci ba, ko ta ci ta amayar, ko awo ya yi yawa, ko kuwa mutum biyu a gida kowa ya yi mata bai san ɗan'uwansa ya yi ba. Za a ga ta yi laushi, tana tangaɗi, tana rawar jiki, wani lokaci har ta faɗi tana shure-shure. Abin yi shi ne a shafa mata zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, kada a ɗura mata don kada ta shaƙe, a garzaya da ita wurin likita. Shi ya sa ake so mutum ɗaya ya ɗauki aikin, a kuma ajiye ɗan littafi ana rubuta rana da lokaci da awo. In ta ƙi cin abinci, a tuntuɓi likita kafin a yi mata. A rage mata tuwo da burodi, a ƙara mata nama da kifi da ƙwai dafaffe, a bar mata ruwa a kowane lokaci. Abin farin ciki shi ne, kyanwar da aka gano ciwonta da wuri aka kuma gyara mata cima, takan yi sauƙi har likita ya dakatar da allurar bayan 'yan watanni, ko da yake ba kowace ce ke samun haka ba.

To, mu koma ga tambayar dattijon nan: mutum bai samu ba, sai kyanwa? Amsata ita ce, in kuɗin da ke gida na kwalba ɗaya ne, kuma akwai mutum mai bukata, to, mutum ne a gaba, wannan ba abin gardama ba ne. Kuma ko kusa kada a taɓa kwalbar Baba ko ta Inna don a yi wa dabba. Wanda ba shi da hali Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ya gyara mata abinci, ya ba ta ruwa da inuwa, ya nemi shawarar malamin dabbobi, ko ya miƙa ta ga wanda zai iya. Abin da ba shi da uzuri a kansa shi ne duka da kora da jefarwa.

Amma a yi adalci, shin kyanwa ce ta hana mutum samu? Kwalba mai mililita 10 ta insulin mai ƙarfin 100 tana ɗauke da yunit 1,000. Kyanwar da ake ba yunit 2 safe da yamma, yunit 120 take ci a wata, abin da wani babban mutum kan ƙarar cikin 'yan kwanaki. Tsadar insulin daga wani wuri ta taso. Kamfanoni 3 ne kacal, ɗaya a Danmak, ɗaya a Amurka, ɗaya a Faransa, ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa a duniya. Mu kuwa shigo da shi ake yi daga waje, saboda haka faɗuwar da naira ta yi tun 2023 ta ƙara masa kuɗi. A 2021, lokacin da maganin ya cika shekara 100, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manya masu bukatarsa ba sa samu. Alhali kuwa Banting da abokansa dala 1 kowannensu ya karɓa a 1923 suka sallama wa jami'a hakkin mallakarsa, don kowa ya amfana. In za mu yi fushi, can ya kamata fushinmu ya nufa. Kuma mai cewa mutum bai samu ba, ya tambayi kansa ko ya taɓa saya wa maƙwabcinsa mai ciwo kwalba ɗaya. Tausayi ba tuwo ba ne da in an ɗiba wa kyanwa zai ragu a akushin mutum. Gidan da aka saba tausaya wa dabba, da wuya a wulakanta tsoho a cikinsa.

Akwai matsala ɗaya da ta haɗa mai kyanwa da mai jinyar mahaifi a ƙasarmu, ita ce zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba ana so ta zauna cikin sanyin da bai gaza 2 ba bai wuce 8 ba a ma'aunin zafi, kuma in ta daskare ta lalace. Mu kuwa a bazara zafi yakan haura 40, wutar lantarki kuma ta zo ta ɗauke. A nan ma hikimar kakanninmu ta yi rana. Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsanewa shi ke janye zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha, kuma ta fi aiki da rani bisa ga damina. A sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. A 2021 masana na Jami'ar Janiba tare da ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF suka buga sakamakon wani bincike a kan irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka ga insulin ɗin mutane ya riƙe ƙarfinsa har mako 4 cikin zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Watau kwalbar da ake amfani da ita, in an tsare ta daga rana, tana iya kai wata. Ta ajiya kuwa a nema mata firji. In an ga launin maganin ya juya, ko ya yi gudaji, a zubar.

Yanzu ina so iyayenmu su lura da wani abu. Duk ƙa'idojin nan da na lissafa, kusan su ne na mutum: gwaji kafin magani, awo daga likita, lambar kwalba daidai da ta sirinji, abinci tare da allura, canja wurin suka, tsare lokaci, tsare magani daga zafi. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Cikin waɗanda suka sani kuma, da yawa suna gudun allura. Wani ya ce in ka fara ta to ƙarshenka ya zo. Wani ya fara, da ya ji sauƙi sai ya daina. Wani ya koma wurin masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa, waɗanda ke alkawarin warkar da ciwon cikin mako guda. Ƙarshenta sai a ga ɗan gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har an kai ga yanka, ko ido ya rufe, ko ƙoda ta tsaya. Allura ba ita ta jawo wannan ba, jinkiri ne. Yaron da jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan kuwa, in an daina yi masa, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Kada wani ya ce tun da kyanwa takan bar allura shi ma zai bari. Wannan magana ce ta likita.

Haka kuma faɗuwar sukari tana samun mutum. In mai yin allura ya fara gumi da rawar jiki, ko ya rikice yana magana ba kan gado, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. A ba shi sukari ko zuma ko lemo nan take. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi a gefe, a kai shi asibiti da gaggawa.

A nan ne mu ɗalibai muke da aiki. A gidaje da yawa ɗan makaranta ne kaɗai ke iya karanta takardar da ke cikin kwalin magani, kuma idonsa ne ke iya ganin ƙananan layukan da ke jikin sirinji, waɗanda idon kaka ba ya gani. In muka koma gida hutu, mu raka mai ciwo Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa, mu roƙi ma'aikata su nuna mana yadda ake zuƙowa da yadda ake sokawa. Mu buɗe littafin lissafi. Mu haɗa tukunya cikin tukunya. Mu tara tsofaffin allurai cikin jarka mai kauri a rufe, kada a zubar a juji inda ƙannenmu ke wasa, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a allura ɗaya. Wanda ya ga mahaifinsa na yawan tashi fitsari da dare yana kuma ramewa, ya lallashe shi cikin ladabi ya je gwaji, ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa. Ina kuma ba hukumar makaranta shawara, ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara, wadda aka keɓe wa ciwon sukari a duniya don ita ce ranar haihuwar Banting, a gayyato ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi su zauna teburi ɗaya su yi mana bayani.

Daga ƙarshe, in an sake kawo labarin mai yi wa kyanwa allura a majalisa, ina fata kafin a yi dariya a tuna cewa mutumin nan yana tashi kan lokaci sau biyu kullum saboda dabbar da ba za ta taɓa ce masa na gode ba. Mu kuwa waɗanda suka haife mu ne ke jiran irin wannan kulawa. In har wani zai iya yi wa kyanwa, to, mu ba mu da hujjar kasa yi wa iyayenmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mana tausayin na ƙasa da mu, amin.